Babi na Shida: Rawaya a Kan Sanda, Rawaya a Kan Mota

Cikin fitilu ukun da ke jikin sandar danja, biyu babu gardama a kansu. Ja, a tsaya. Kore, a wuce. Ta tsakiyar ce ke haɗa direba da jami'in hanya cacar baki a mahaɗa, ita ce kuma ke kai mutane gaban alƙali. In ka shiga tasha ka tambayi direbobi abin da rawaya ke nufi, wasu za su ce maka "ka shirya", wasu kuma ba za su ɓoye maka ba, za su ce "taka wuta kafin ta rufe". Dokar da ke rubuce ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Akwai kuma wata rawayar da ba a kan sanda take ba, wadda ke walwali a saman gireda da tifa da motar masu cike ramukan kwalta. Ita ma ana yi mata gurguwar fahimta, sai dai a nan wanda kuskuren ke faɗa wa lebura ne da ke tsaye da shebur a tsakiyar titi.

Danjar farko ba ta da rawaya. A watan Disamba na 1868 aka kafa ta a Landan, kusa da majalisar dokokin Birtaniya, tun motoci ba su fito ba. Kekunan doki take tsayarwa domin masu tafiya a ƙasa su samu su tsallaka. Wanda ya tsara ta, John Peake Knight, mutumin jirgin ƙasa ne, don haka ya kwaso abin da ya saba da shi a layin dogo: hannuwa masu ɗagawa da rana, fitilar gas ja da kore da dare, ɗan sanda na tsaye a gindinta yana juya ta. Ba ta cika wata guda ba gas ɗin ya yi yoyo ya fashe, ya ƙona ɗan sandan, daga nan aka shafe shekaru da dama ba a sake waiwayar abin ba. Da lantarki ya zo, birnin Cleveland na Amurka ya kafa tasa a watan Agustan 1914, ita ma ja da kore, da 'yar ƙararrawa mai sanar da cewa za a canza. Sai a 1920 wani ɗan sandan birnin Detroit mai suna William Potts ya shigar da rawaya tsakani, saboda ya ga mota ba ta tsayawa nan take don kawai fitila ta canza.

Wannan shi ne asalin rawaya: an ƙirƙiro ta ne domin a bai wa mai tafiya lokacin tsayawa. Yarjejeniyar alamomin hanya da ƙasashe suka sanya wa hannu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ranar 8 ga Nuwamba, 1968, ta fayyace haka. Rawaya idan ta kama ita kaɗai, babu abin hawan da zai tsallake layin tsayawa, sai wanda ya riga ya matso kusa ƙwarai har ba zai iya tsayawa lafiya ba. Wato hukuncinta hani ne, rangwame guda ɗaya tak aka yi a cikinsa. Wanda ya hango ta daga nesa ya ƙara mai, ba ya cikin wannan rangwamen.

To amma wa zai ce ga inda "kusa ƙwarai" ya fara? A nan lissafi ke shigowa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a kan birki, mita da yawa sun riga sun tafi. Littafin ƙa'idojin hanya na Birtaniya ya ƙiyasta cewa mai gudun mil 30 a awa, kimanin kilomita 48, yana buƙatar mita 23 kafin ya tsaya cak, a kan busasshiyar hanya da lafiyayyen birki. A 1960 wasu masu bincike uku na kamfanin General Motors, Gazis da Herman da Maradudin, suka nuna cewa idan aka gajarta rawaya fiye da kima, akan samu wani yanki kafin mahaɗa inda direba ya yi kusa da yawa ba zai iya tsayawa ba, ya kuma yi nisa da yawa ba zai iya ƙetarewa kafin ja ta kama ba. Gaba kura, baya sayaki. Duk abin da ya yi a wannan yankin laifi ne ko haɗari, alhali wanda ya saita agogon fitilar ne ya jefa shi a ciki. Shi ya sa tsawon rawaya ba abin da ake barin mai gyaran fitila ya zaɓa da ra'ayinsa ba ne. A Birtaniya daƙiƙa 3 ce. A Amurka littafin ƙa'idar alamomin hanya na tarayya, wanda aka fara fitarwa a 1935, ya ba da tsakanin daƙiƙa 3 zuwa 6, gwargwadon gudun da hanyar ke ɗauka.

Kada a raina ɗan guntun daƙiƙa. A 2014 ta bayyana cewa kyamarorin danja na birnin Shikago sun rubuta wa direbobi tarar kimanin 77,000 a kan rawayar da ta tsaya a daƙiƙa 2.9 maimakon 3. Kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya zama miliyoyin daloli daga aljihun mutane. Duk garin da ke shirin kafa kyamara a mahaɗa, kuma biranenmu sun fara, ya kamata a fara tambayarsa wa ya saita rawayar, da wane lissafi.

Ko a cikin Amurka ma bakin dokokin bai zo ɗaya ba. A yawancin jihohi rawaya sanarwa ce kawai cewa ja na tafe, don haka wanda gaban motarsa ya shiga mahaɗa kafin ja ta kama bai yi laifi ba. Wasu jihohin kuma sun bi irin ta Biyana, suka ce ka tsaya muddin za ka iya. Tuƙi iri ɗaya, a wannan jiha babu komai, a maƙwabciyarta tara.

Wani abu kuma da mutane ke mantawa shi ne farin layin nan da ke kwance a ƙasa. A idon doka laifin keta danja a kansa yake aukuwa. Wanda ya tsallake layin da kore, ja ta riske shi a tsakiya, aikinsa shi ne ya fice lafiya. Wanda kuwa ya gangara ya haye layin ya tsaya a kan wurin tsallakawar masu tafiya a ƙasa yana jiran kore, kamar yadda masu Adaidaita Sahu da 'yan acaɓa ke yi suna kutsawa gaba, ya riga ya karya doka ko da bai ƙetare mahaɗar ba. Idan layin ya goge, yarjejeniyar Biyana ta ce ita kanta sandar fitilar ce iyaka. Kore ma ba izini ba ne marar sharaɗi: an hana ka shiga mahaɗa idan gabanka a cushe yake har ba za ka iya fita ba kafin a bai wa ɗaya ɓangaren hannu. Gosulon da kan ƙulle mahaɗa da yamma, kowa ya sa kai ba mai iya motsi, sau da yawa daga nan yake farawa, daga mutanen da kowannensu zai rantse da kore ya shigo.

Akwai kuma tsarin wa ke gaba da wa. 'Yar'uwar wannan yarjejeniya, wato ta zirga-zirgar hanya da aka sa wa hannu a rana ɗaya, wadda Najeriya ta shiga a 2018, ta jera su: umarnin jami'in da ke ba da hannu yana sama da fitila, fitila tana sama da allon da ke nuna mai fifiko, allo kuma yana sama da ƙa'idar gama-gari. Idan yalo fiba, wato jami'in hanya, ya ɗaga maka hannu ka tsaya alhali kore na ci, hannunsa za ka bi. Idan wuta ta ɗauke danja ta mutu, babu jami'i, sai a koma kan allon. In babu allo, a ƙasashen da ke tuƙi a hannun dama, irin Najeriya tun 1972 da Nijar, ƙa'idar yarjejeniyar ita ce a bai wa wanda ya fito daga damanka hanya.

Mai karatu zai lura cewa dokoki ba sa cewa "danja". Suna cewa alamar haske, ko na'urar sarrafa zirga-zirga, kuma da dalili. Lauyan da ya rubuta dokar yana so kalmarsa ta rufe fitilar mahaɗa, da jar fitila mai ƙiftawa ta mashigar jirgin ƙasa, da ta ƙofar ofishin 'yan kwana-kwana, da kibiyar da ke saman layi a babbar hanya, har da 'yar fitilar tafi-da-gidanka mai taya da masu gyaran hanya ke girkewa inda suka rufe hannu ɗaya. Direbobi da yawa a Birtaniya sun daɗe suna ɗaukar wannan ta ƙarshe a matsayin shawara kawai. Ba haka ba ne. Hukuncinta ɗaya da na kafaffiya, kuma allon da aka ajiye mai cewa a jira a nan idan ja ta kama shi ke zama layin tsayawa. Keta ta na jawo tarar fam 100 da maki 3 a lasisi, kamar kowace danja.

Wannan ya kawo mu ga motocin da ke ɗauke da fitila a ka.

Doka ta raba su gida biyu, kuma launi ne ke raba su. Gida na farko su ne masu fifiko: 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, motar ɗaukar marasa lafiya. A tsarin Biyana shuɗiyar fitila tasu ce su kaɗai, kuma sai suna kan aikin gaggawa, ko akwai buƙatar gargaɗin masu bin hanya, za su kunna ta. Idan sun kunna, wajibi ne a ba su hanya, ƙasa kuma na iya yafe musu wasu ƙa'idoji, bisa sharaɗin kada su jefa kowa cikin haɗari. Gida na biyu su ne masu rawaya: gireda, rola, katafila, motar fentin layi, motar shara, janwe, motar da ke rakiyar kaya mai faɗin da ya wuce misali. Fitilar gida na farko umarni take bayarwa. Ta gida na biyu gargaɗi ce: ga abu a gabanka da ke tafiya a hankali, ko yake tsaye inda ba ka zata ba.

Jamus ta fayyace wannan sosai a rubuce. Dokar hanyarta ta ce shuɗiyar fitila haɗe da jiniya na nufin kowa ya kauce nan take. Shuɗiyar ita kaɗai babu jiniya gargaɗi ce kawai. Rawaya mai ƙiftawa kuma sanarwar haɗari ce. Sannan a sashe na 35 ta bai wa motocin gini da gyara da sharar hanya da na kwashe shara wani izini na musamman, muddin suna ɗauke da zanen fari da ja: su yi tafiya ko su tsaya a kowane ɓangaren titi, kowane hannu, kowace fuska, kowane lokaci, amma iyakar abin da aikin ya buƙata. A wannan sharaɗi na ƙarshe nauyin yake. Mai share titi zai iya bin hannun da ba nasa ba yana shara. Idan ya tashi aiki zai koma gareji, ya zama direba kamar kowa. Kuma ko yana tsakiyar aikin, izinin bai haɗa da keta ja ba.

Faransa ta ƙara wani mataki a tsakiya. Bayan masu cikakken fifiko, akwai waɗanda dokarta ta ce a sauƙaƙa musu wucewa, irin motocin asibiti masu zaman kansu, da motocin share ƙanƙara lokacin sanyi, da na masu kai ɗauki a manyan hanyoyi. Suna da shuɗiyar fitila irin tasu, ana buɗa musu, amma ja ta hau kansu kamar kowa. A Ingila jami'an sintirin manyan hanyoyi, waɗanda dokar 2004 ta ba su ikon tsayar da mota da rufe layi, da rawaya da ja suke aiki, ba su da shuɗi. Ƙin bin umarninsu laifi ne, amma su ma ba za su keta danja ba. Wani abin da kan ba baƙo mamaki a Birtaniya shi ne, ko motar asibiti ce ke maka jiniya a baya, ba a yafe maka tsallake layi da ja domin ka ba ta wuri ba. Ita aka bai wa rangwamen, kuma ita ma an ce ta ɗauki ja a matsayin wurin dubawa da ba da hanya kafin ta ratsa.

Ni a ganina wannan rabo daidai ne. Da za a bai wa duk mai fitila a ka ikon tura mutane gefe, da fitilar ta rasa ma'ana. Mun ga haka da jiniya a gida Najeriya. Ƙa'idojin hanya na ƙasa na 2012 sun taƙaita ta ga wasu manyan masu riƙe da muƙami ƙididdigaggu da kuma masu aikin gaggawa, amma da ta yawaita a hannun waɗanda ba su cancanta ba, sai kunnen direba ya saba da ita, har motar da ke ɗauke da mai naƙuda ta zama tana kuka a gosulo babu mai motsawa.

Sai dai rabon ya bar wani giɓi. Ma'aikacin hanya shi ne ya fi kowa daɗewa a tsaye cikin motoci masu gudu, fitilarsa kuma ba ta tilasta wa kowa komai. Amurka ta gane girman wannan giɓin ne ta wata hanya mai ciwo. A 1994 mota ta buge wani ma'aikacin agajin gaggawa mai suna James Garcia a jihar Karolina ta Kudu yana tsaka da taimakon waɗanda suka yi haɗari, kuma aka rubuta cewa shi ne mai laifi, domin a lokacin babu dokar da ta ɗora wa direba nauyin kauce masa. Ya tashi tsaye har jihar ta yi dokar a 1996: in ka hango motar agaji tsaye da fitila a kunne, ka rage gudu, ka koma layin da ke nesa da ita idan da hali. Zuwa 2012 duk jihohi 50 sun yi irinta. Amma da yawa daga cikin dokokin farko sun ce "motar gaggawa" ne kawai, ma'anar da aka ba wannan suna a dokar jiha kuwa ba ta haɗa da janwe ko motar gyaran hanya ba. Direban janwe da ke kwance ƙarƙashin mota yana ɗaura sarƙa, da mai zuba kwalta, suna gefen titi ɗaya da ɗan sanda, haɗarinsu ɗaya, amma kariyar ba ta kai gare su ba. Sai da jihohi suka riƙa komawa majalisa ɗaya bayan ɗaya suna ƙara su a cikin jerin.

Inda doka ba ta iya tilasta wa direba ba, sai ta juya kan mai aikin, ta ce shi ya kare mutanensa. Wanda ya taɓa ganin wurin gyara a babbar hanyar Birtaniya zai tuna yadda ake jera abin. Tun daga nesa alluna ke fara faɗa maka saura yadi kaza a rufe layi. Sai jerin robobi masu tsini da aka gicciya a hankali suna tura ka gefe ba tare da ka yi birki da ƙarfi ba. Bayan kowace motar aiki an lulluɓe shi da zanen ja da rawaya mai ƙyalli idan fitila ta haska shi. A bayan ma'aikatan kuma akan tsayar da wata babbar mota mai allon kibiya, da wani akwatin ƙarfe a gindinta wanda aka ƙera domin ya lotse. Aikin wannan motar ke nan: idan wani ya yi gyangyaɗi ya taho a guje, ita zai daka, akwatin ya shanye ƙarfin karon, mutanen da ke gaba su tsira, sau da yawa har shi direban.

Mu kwatanta da abin da muka saba gani. 'Yan leburori huɗu ko biyar a tsakiyar hanya, garwar kwalta na hayaƙi a kan itace, tifa ta juye tsakuwa ta cinye rabin titi. Gargaɗin da ke akwai shi ne ganyen da aka karyo aka watsa a kan kwalta, da tsohuwar taya, da wani yaro riƙe da jan ƙyalle a kan sanda, yana tsaye taku kaɗan daga masu aikin. Da magariba ta yi a tashi a bar tulin tsakuwar a nan, babu fitila, babu allo mai ƙyalli. Waɗanda suka riƙa bin hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano tun da aka fara sake gina ta a 2018 sun san fargabar wuraren da ake karkatar da motoci a haɗe su a hannu ɗaya, musamman cikin dare ko ƙurar hunturu.

Ba wai babu doka ba ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da laifuka uku da suka shafi wannan babi a jadawalin dokarta ta 2007. Keta fitila ko alamar hanya, naira 2,000. Wuce ƙa'idar gudu a wurin da ake aikin hanya, naira 3,000. Rashin sanya isassun alamun gargaɗi a wurin aiki, naira 50,000, kuma wannan a wuyan mai aikin yake, ko ɗan kwangila ne ko hukuma. Waɗanda suka tsara jadawalin sun fahimci inda nauyin ya fi yawa, shi ya sa suka ninka tarar mai aikin sau 25 a kan ta mai keta danja. Amma naira 50,000 ba ta girgiza kwangilar biliyoyi, kuma hanyoyinmu a rarrabe suke tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma: hukumar FERMA da aka kafa a 2002 da na tarayya kawai take da hurumi, sauran kowa da mai shi, don haka idan an yi haɗari a kan tulin tsakuwa akan daɗe ana neman wanda za a tambaya.

Kalmar da shari'a za ta tsaya a kanta a irin wannan ƙara ita ce "isassu", kuma ana iya auna ta da lissafin da muka yi a baya. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa. A ƙiyasin littafin Birtaniya, mai gudun mil 60, kimanin kilomita 96, yana buƙatar mita 73 kafin ya tsaya, kuma wannan ƙaramar mota ce mai lafiyayyar taya. Tirela mai lodin siminti ta fi haka nesa ba kusa ba. Ganyen da aka ajiye mita 10 kafin ma'aikata bai bai wa direban ko rabin daƙiƙa ba. Allon farko yana buƙatar ya kasance inda mai tirela zai gan shi, ya karanta, ya sauke giya, ya tsaya tun bai iso kan mutane ba, kuma ya kasance mai ƙyalli da dare. Duk abin da ya gaza haka, lauyan iyalan lebura ko na fasinja na da hujjar cewa bai isa ba, kuma hotunan wurin da aka ɗauka kafin a kwashe ganyen su ne shaidar farko da kotu za ta nema.